DALLA-DALLA: Yadda zafin bazara ke cin faifan da 'yan jarida da 'yan gwagwarmaya ke adana hujjoji a cikinsa

Lokacin da kwamitin binciken da Gwamnatin Jihar Legas ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya nemi hotunan kyamarar tsaro ta mashigar Lekki, kamfanin da ke kula da mashigar ya shaida cewa kyamarar ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na daren 20 ga Oktoba, 2020. Mafi yawan abin da duniya ta gani na wannan dare daga wayoyin waɗanda ke wurin ya fito. Haka aka sake gani a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, wadda ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a cikinta a jihohin Arewa. Haka kuma a zaɓen 2023, matasa sun tsaya a rumfuna suna ɗaukar hoton takardar sakamako kafin a wuce da ita cibiyar tattarawa.

Ɗaukar hujja abu ɗaya ne, riƙe ta har ranar da kotu ko kwamiti zai nema wani abu ne dabam, kuma wannan ranar kan ɗauki shekaru kafin ta zo. Kafafen sada zumunta ba ma'adana ba ne. A 2017 YouTube ya sauke ɗimbin bidiyon yaƙin Siriya bayan ya fara amfani da manhajar da ke zaƙulo hotunan tashin hankali da kanta, kuma a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda irin wannan shara ke tafiya da hujjojin laifukan yaƙi. A gida Najeriya, an toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021. Wanda duk ajiyarsa ke intanet, ranar da aka rufe ƙofa ya zama baƙo a rumbunsa.

Wannan ne ya sa ƙananan ɗakunan labarai da ƙungiyoyin sa ido da masu ɗaukar bidiyo ke komawa ga abin da ake kira NAS. Ƙaramin akwati ne da ake jera faifan ajiya biyu ko huɗu ko fiye a cikinsa, a haɗa shi da rautar gida ko ta ofis, duk wanda aka ba kalmar sirri ya ajiye ko ya ɗauko daga wayarsa ko kwamfutarsa. Kamfanonin Synology da QNAP su ne aka fi sani, wasu kuma tsohuwar kwamfuta suke mayarwa ta hanyar ɗora mata manhajar TrueNAS. Sai dai takardar da ke zuwa da mafi yawan waɗannan akwatuna ta ƙayyade cewa zafin wurin da za a ajiye su kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yola ko Yamai ya san wannan adadi ba wani abin mamaki ba ne da azahar. A cikin inuwa ma ake auna shi, ba a ɗakin kwanon da babu silin ba.

Abin da ke faruwa a cikin faifan

Faifan ajiya, wanda a kasuwa ake ce wa had-dis, na'ura ce mai motsi. A cikinsa akwai fayafai masu sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani hannu mai ɗauke da kan karatu wanda ke shawagi a saman faifan ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, wato kaurin gashin kai ya ninka ta sau dubbai. Injin da ke juya fayafan yana tafiya ne a kan boris mai ruwan mai. Kusan duk wutar da faifan ya ci zafi take komawa: mai girman inci 3.5 yana cin wat 4 zuwa 10 idan yana aiki, gwargwadon saurinsa da yawan fayafan cikinsa.

Wat goma ba komai ba ne a fili. Amma a jera irinsa huɗu kafaɗa da kafaɗa a ƙaramin akwati, su yi ta juyawa dare da rana, to dole sai an sami abin da zai fitar da zafin. Idan ya taru, man boris yana tsinkewa ya yi saurin lalacewa, ƙarafan ciki suna buɗewa kowanne da nasa gwargwadon, sassan lantarkin da ke bayan faifan kuma suna tsufa da wuri. Ba kasafai faifai ke mutuwa a ranar da ya sha zafi ba. Yakan ci gaba da aiki kamar babu komai, sai bayan watanni ya fara kasa karanta wasu wurare, ko a kunna shi wata safiya a ji yana ƙas-ƙas. Shi ya sa mutane ba sa danganta mutuwar da bazarar da ta wuce, sai a ɗora wa mai shago laifi.

Masu ƙera faifan sukan rubuta cewa yana aiki daga digiri 0 ko 5 zuwa 60 ko 65. Wannan iyaka ce, kuma bai kamata a ɗauke ta a matsayin wurin zama ba. Kamfanin Western Digital, a takardun bayanin faifansa na Ultrastar da ake sayar wa manyan cibiyoyi, ya fayyace cewa alƙaluman ɗorewar da yake tallatawa an lissafa su ne a kan faifan da ke aiki a digiri 40, kuma ɗorewar tana raguwa idan aka haura haka. A ƙananan haruffa ake rubuta wannan, can ƙasan shafi.

Binciken Google, da dalilin da ya sa ba zai kwantar mana da hankali ba

Duk wanda ya nemi bayani a kan wannan batu zai ci karo da masu cewa zafi ba ya yi wa faifai komai, kuma suna da madogara. A 2007 injiniyoyin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, sun wallafa nazarin da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa a matsakaicin zafi babu wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin zafi da mutuwar faifai, har ma waɗanda suka fi sanyi sun ɗan fi mutuwa. A 2014 kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze ya duba faifansa fiye da 34,000, shi ma bai ga alaƙa ba idan aka haɗa su gaba ɗaya.

Abin lura shi ne inda aka yi nazarin. Cibiyoyi ne masu na'urar sanyaya ɗaki wadda ba ta tsayawa, inda faifai ke rayuwa a digiri ashirin da wani abu ko talatin da wani abu. Tambayar da suka amsa ita ce ko akwai bambanci tsakanin 28 da 35. Tambayar mai akwati a Gusau ita ce me zai faru a 52, wata uku a jere, shekara bayan shekara. Kuma nazarin Google ɗin kansa ya nuna cewa a can ƙarshen ma'auni, sama da digiri 45, mutuwa tana ƙaruwa, musamman ga faifan da ya shekara uku zuwa sama. Wannan sashe ne masu yaɗa labarin ba sa kaiwa. Wani nazari da aka yi a cibiyoyin Microsoft tare da Jami'ar Virginia, wanda aka wallafa a 2013, ya sami alaƙa tsakanin zafi da mutuwar faifai, har ya nuna cewa wurin da faifan yake a cikin akwati yana da tasiri.

Akwai na uku wanda ya shafe mu ta wata fuska. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Rutgers da Microsoft sun duba faifai fiye da miliyan ɗaya a cibiyoyin da ke sanyaya na'urorinsu da iskar waje, suka gano cewa laimar iska ta fi zafi illa, domin tana cin sassan lantarkin faifan da mahaɗansa. Ga mazauna Legas da Fatakwal wannan matsalar shekara ce gaba ɗaya. Ga mazauna Arewa kuwa matsalar Yuli da Agusta ce, kuma gargaɗi ne ga duk mai tunanin sanyaya akwatinsa da ruwa.

Idan aka tattara waɗannan, abin da nake ganin ya dace mai akwati ya riƙe shi ne: tsakanin digiri 30 da 40 faifai yana cikin kwanciyar hankali, zuwa 45 babu abin tashin hankali, daga nan zuwa 50 a fara neman dalili, sama da 50 kuwa a ɗauki mataki a ranar.

A auna kafin a kashe kuɗi

An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. A nan hannu bai san ƙima ba, domin jikin akwatin roba yana iya zama da ɗan ɗumi kawai alhali faifan tsakiya yana dahuwa. Abin sa'a, kowane faifai yana da ma'aunin zafi a cikinsa, kuma yana bayar da rahoton lafiyarsa ta wani tsari mai suna SMART. A shafin kula da faifai na manhajar akwatin za a ga zafin kowanne. Masu kwamfuta kuma suna iya amfani da CrystalDiskInfo ko smartctl, duka kyauta ne. Layi mai lamba 194 shi ne na zafi, wasu faifan kuma suna nuna shi a 190.

A sayi ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki a ajiye kusa da gaban akwatin, sannan a rubuta lambobin biyu sau uku a rana har mako guda: da asuba, da ƙarfe uku na rana, da dare. Bambancin da ke tsakanin zafin ɗaki da na faifai shi ne zai faɗi inda matsalar take. Idan faifan ya ɗara ɗakin da digiri biyar zuwa goma, iska tana ratsa akwatin yadda ya kamata, kuma idan har yanzu lambar ta yi yawa to ɗakin ne ya kamata a sauya. Idan bambancin ya kai goma sha biyar ko ashirin, laifin akwatin ne: fanka ta gaji, ko ƙura ta toshe hanya, ko an matse shi a lungu. Mutane da yawa suna sayen sabuwar fanka alhali ɗaki ne matsalarsu, wasu kuma suna ta sauya ɗaki da akwatin da ƙura ta shaƙe.

Tun da an buɗe shafin, a duba layi na 5 da 187 da 188 da 197 da 198, waɗanda Backblaze ya ce su yake sa wa ido don sanin faifan da ya kusa tafiya. Sifili ake so a gani a cikinsu. Nazarin Google ya nuna cewa faifan da ya fara nuna kuskuren karatu a binciken samansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma nazarin ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Rahoto mai tsabta ba lamuni ba ne.

Ɗaki, iska da ƙura

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iyakar aikinta ta ture iskar da ta yi zafi ta jawo ta ɗaki, don haka faifai ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na ɗakin da yake ciki ba. Zaɓen ɗaki shi ne rabin aikin. A gidan bene, ƙasa ya fi sama. Ɗakin da bangonsa ke fuskantar yamma yana shan ranar la'asar ya riƙe ta har tsakar dare. Ɗakin da ke tsakiyar gida, mai silin, wanda iska ke ratsawa, shi ne ya fi dacewa, kuma tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi ginin bulo da kwano riƙe sanyi da rana.

A cikin ɗakin ma akwai wuraren da za a guje wa. Na farko kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, inda mutane ke son jera akwatin tare da dikoda da rauta saboda kyan gani: iskar da fanka ta fitar ita za ta sake shaƙa. Na biyu saman firji ko kusa da bayansa. Na uku, wanda ya fi yawa a gidajen da ke da sola, shi ne sito ɗin inbata da batura, inda ake kai akwatin don ya kusanci wuta. Inbata tana fitar da nata zafin, kuma baturan ma wahala suke sha, domin batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Gara a ja waya a raba su.

A ɗora akwatin a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, ba a ƙasa ba inda tsintsiya ke tayar da ƙura, ba kuma can saman kanta kusa da rufi ba inda iska mai zafi ke taruwa. A bar masa aƙalla taƙi guda a baya, domin mafi yawansu ta gaba da gefe suke shaƙa, su fitar ta baya. Kada a lulluɓe shi da ƙyalle yana aiki, duk da al'adarmu ta rufe kayan lantarki saboda ƙura. Idan akwatin mai gurbi huɗu ne kuma faifai biyu kawai ake da su, a bar gurbi tsakaninsu.

Sai saitin fanka. Akwatunan Synology, alal misali, suna da zaɓi uku: cikakken gudu, yanayin sanyi da yanayin shiru. An tanadi na shirun ne don wanda ke kwana da akwatin a ɗaki a ƙasar da ake kunna na'urar ɗumama gida. Daga Maris zuwa saukar damina, a sa ta a cikakken gudu a haƙura da ƙarar. Wanda ya haɗa nasa da tsohuwar kwamfuta ya tabbata akwai fanka mai milimita 120 a daidai gaban faifan tana hura musu kai tsaye, da wata a baya mai fitarwa. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ihu ba. Cire murfin akwatin gaba ɗaya, wanda wasu ke yi da zafi ya tsananta, sau da yawa yana ɓata lamarin ne, domin an tsara murfin ya tilasta wa iska bi ta tsakanin faifan, idan babu shi sai ta bi ta inda ya fi mata sauƙi.

Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, domin ramin numfashinsa yana da matata, masu iskar hiliyom kuma a rufe suke ruf. Ɓarnarta a hanyar iska take: tana liƙewa a fukafukan fanka da ramukan shiga, har ta zama kamar bargo. Abin takaicin shi ne jerin lokutan. Ƙura tana taruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da sanyi ke ɓoye illarta, sai zafi ya sauka a Maris ya tarar da akwatin a shaƙe. Saboda haka shara mafi muhimmanci a shekara ita ce ta ƙarshen Fabrairu. A kashe akwatin, a cire shi daga wuta, a zaro faifan ɗaya bayan ɗaya ana lura da gurbin kowanne, a hure da bulowa a waje. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kafin a taɓa faifan a taɓa wani ƙarfe, domin busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jiki, irin wanda ke sa mutum ya ji tsak idan ya taɓa ƙofar mota, kuma wannan ya isa ya ƙona sashen lantarki.

Dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta ba shi kyautar Rolex a 2000, tana hana tumatir da alayyahu lalacewa ne ta hanyar tururin ruwa. Fanka mai ruwa da ake sayarwa yanzu ita ma haka take aiki. Tana iya rage zafin ɗaki a bazara lokacin da iska ta bushe, amma kada a saita bakinta a kan akwatin, kuma da damina ta kama a daina. Firji kuwa babu maganarsa: faifan da ya yi sanyi aka fito da shi iska mai ɗumi raɓa yake tarawa.

Wuta, da lissafin da ba a cika yi ba

Shawarar da ake samu daga ƙasashen waje ita ce a sa akwatin a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ga lissafin. Akwati mai faifai huɗu yana cin kusan wat 30, wato yunit 21.6 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan bai kai naira 5,000 ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya kuwa, idan kwampresarta ta yi awa 12, ta cinye abin da akwatin zai ci a mako biyu. Kuma wannan ga wanda ke samun wutar ne. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta.

Akwai kuma wata illa da ba a faɗa. Ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda na'urar sanyi, da zarar an ɗauke wuta sai ya zama tanda, shi kuwa akwatin yana kan inbata yana ci gaba da aiki. Faifan ya tashi daga sanyi zuwa zafi, a kawo wuta ya koma, sau uku ko huɗu a rana. Masu ƙera faifai sukan ƙayyade cewa sauyin zafi kada ya wuce digiri 20 a awa ɗaya. A ganina ɗakin da ke tsaye a digiri 33 da iska mai ratsawa ya fi wanda ke lilo tsakanin 22 da 40.

Abin da ba a sasantawa a kansa shi ne UPS mai wayar USB da ke shiga akwatin. Idan wuta ta ɗauke, shi zai sanar da akwatin ya kammala rubutun da yake yi ya kashe kansa cikin tsari. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ko tsarin ajiyar gaba ɗaya, kuma wannan ɓarna a take take faruwa, ba ta jiran shekara uku.

Hanya mafi araha ta rage zafi ita ce agogo. Manhajar akwatin tana ba da damar tsara lokacin kunnawa da kashewa. Ɗan jaridar da ke kwafe hotunansa da daddare ba shi da dalilin barin faifai huɗu suna juyawa daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu. Masu cewa kashewa da kunnawa yana gajiyar da faifai suna da gaskiya idan ana yin haka kowane minti goma, amma sau ɗaya a rana ba abin damuwa ba ne, kuma ya fi barin shi awa biyar a digiri 55. Manyan ayyuka, irin su binciken faifai gaba ɗaya da tantance bayanan da ake yi wata-wata da kwafe ajiya zuwa wani faifan, a mayar da su tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, lokacin da gari ya fi sanyi. Haka nan a kunna saƙon gargaɗi ta imel ko waya, a saita shi a digiri 48 ko 50. Akwatin yana da tsarin kashe kansa idan faifai ya kai wajen 60, amma wannan birkin gaggawa ne, kafin a kai nan an daɗe ana ɓarna.

Wane faifai za a saya

Ga ajiyar hotuna da bidiyo da takardu, faifai mai juyi 5,400 ya wadatar, kuma ya fi mai 7,200 sanyi da ƙarancin cin wuta. Wayar sadarwar gida ta gigabit ba ta wuce kusan megabait 110 a daƙiƙa, saurin da kowanne daga cikinsu ke kaiwa. Faifai biyu manya sun fi huɗu ƙanana sauƙin sanyayawa. Masu iskar hiliyom, waɗanda kamfanin HGST ya fara fitarwa a 2013, suna cin wuta kaɗan saboda hiliyom bai kai iska nauyi ba, fayafan ba sa shan wahalar juyawa a cikinsa.

A tambayi mai sayarwa ko faifan CMR ne ko SMR. A 2020 an gano cewa Western Digital yana sayar da wasu faifan WD Red masu tsarin SMR ba tare da ya bayyana ba, abin da ya jawo ƙara a kotu, ya kuma sa kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Faifan SMR yana jan ƙafa idan aka daɗe ana rubuta masa, wato yana ƙara awannin da akwatin zai yi yana aiki tuƙuru cikin zafi. Wanda zai sayi na hannu ya duba layi na 9 a SMART don ganin awannin da faifan ya yi, ya kuma san cewa ana iya goge wannan lamba. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo yadda ake sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan an share lissafin awanninsu, sai wani kundi na biyu mai suna FARM da ke cikin faifan ya tona asirin.

SSD ba ya juyawa, ba ya cin wuta sosai, kuma yana jure zafi yana aiki. Rauninsa yana wajen ajiya a kashe. Ƙa'idar masana'antar ta buƙaci SSD na gida da ya ƙare wa'adin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a digiri 30, kuma lokacin yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Sabo ya fi haka daɗewa sosai, amma SSD ɗin da aka jefa a durowa a Nguru ana jiran ranar shari'a ba abin dogaro ba ne.

Ranar da faifai ɗaya ya mutu

Yawancin masu akwati suna dogara da RAID, tsarin da ke raba bayanai ta yadda idan faifai ɗaya ya mutu sauran za su riƙe. Tsarin yana aiki ne bisa zaton cewa faifan ba za su mutu tare ba. Zafi yana rusa wannan zato, domin faifan da aka saya rana ɗaya, suka zauna akwati ɗaya, suka sha bazara iri ɗaya, tare suke tsufa. Idan aka sa sabo a gurbin wanda ya mutu, sai akwatin ya karanta sauran daga farko har ƙarshe don sake gina abin da ya ɓata. Ga faifai mai terabait 8 wannan aiki yana ɗaukar awa 12 zuwa sama ba hutu, kuma shi ne lokacin da faifan suka fi yin zafi a rayuwarsu. Idan na biyu ya faɗi a tsakiyar aikin, a tsarin da ke jure mutuwar ɗaya kawai, komai ya tafi. Don haka kafin a fara sake gini a kwafe fayilolin da suka fi muhimmanci zuwa wani wuri, a fara aikin bayan magariba, a tabbata baturan inbata cike suke, a kuma tsayar da fankar ɗaki a gaban akwatin har a gama.

RAID kuma ba ya maganin gobara, ko ɓarawo, ko manhajar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, irin DeadBolt da ta afka wa akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet a 2022. Ba ya maganin samame. A ranar 6 ga Janairu, 2019, sojoji sun shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri, kuma sun tafi da kwamfutoci. Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga ƙaramin ɗakin labarai, wannan na iya zama akwatin ofis, da faifan waje da ake kaiwa gidan wani amintacce a wata unguwa ko wani gari, da kwafin muhimman fayiloli a rumbun intanet. Duk kwafin da zai bar ofis a kulle shi da makullin sirri, domin fuskokin shaidu da sunayen majiyoyi suna ciki. Faifan wajen a sa shi a leda mai zif tare da 'yar jakar da ke tsotse laima, irin wadda ake samu a kwalin takalmi, a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da mota da taga. Duk bayan wata uku a ɗauko shi, a bar shi ya daidaita da zafin ɗakin na awa ɗaya ko biyu, a sabunta kwafin, sannan a buɗe bidiyo biyu ko uku daga cikin tsofaffi a kalle su har ƙarshe.